Shekarar Kububuwa

Ku da kuka zo daga Bosso neman takardar shaida, tun safe nake kallonku kuna naɗa wa juna bandeji kuna dariya. Ban hana ku ba. Hannun da kuke naɗewa lafiyarsa lau, mai shi ya karya kumallo, fanka tana kaɗa muku, asibiti kuwa ko da ƙafa mutum ya tafi zai isa kafin gumi ya keto masa. Jiya ɗayanku ya ce wannan aiki ai kwana uku ya ishi mai ƙwaƙwalwa. Ƙulle-ƙullen dai kwana uku ya ishe su, har ya yi yawa. Ku ajiye ƙyallen ku gyara zama, in gaya muku abin da ba a rubuta a takardar da aka raba muku ba.

Ni Garba, a Tudun Wada aka haife ni. Kakana jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, mahaifina tela ne, ni ma a kan keken ɗinki na girma har na yi iyali. Shekarar da soja suka miƙa mulki, wani dattijo mai miƙaƙƙiyar tsayuwa ya shigo shagonmu da farin yadi mai yawa a hammata. Na ɗauka rasuwa aka yi, har na fara yi masa gaisuwa. Ya ce a'a, so yake in yayyanka masa shi mai kusurwa uku-uku, in kalmashe bakin. Na tambaye shi na mene ne. Sai ya kama hannuna na dama ya lanƙwasa shi a ƙirjina, ya rataye mini shi a wuya da ƙyalle guda. Na gwada motsa shi, ya ƙi.

"Idan ka karye a inda babu likita, wannan ne zai kai ka gida," in ji shi.

Sunansa Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna. A soja ya yi aikin jinya. Da ya ajiye aiki sai ya shiga wata 'yar ƙungiyar sa-kai da ke tura shi daji ya koya wa mutane taimakon farko, wato abin da za a yi wa wanda ya ji ciwo tun daga inda ya faɗi har a damƙa shi a hannun likita. Ranar da ya dawo karɓar ɗinkinsa na ce ina so in bi shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce bai taɓa ganin tela mai kafaɗa ba, amma in zo ranar Asabar a gani.

Ranar Asabar ɗin ko bandeji ba mu taɓa ba. Ya kai mu bayan gari, mu huɗu, ya sa muka sari gora biyu, muka zura su cikin buhunan taki da aka huda gindinsu, suka zama gado. Muka ɗora buhun yashi mai nauyin ƙaton mutum. Ya aza kwanon ruwa a kan yashin, ya ce mu hau dutse mu sauko kada ruwan ya zube. Kafin mu kai rabi babu ko ɗigo a kwanon. Ya sake cika shi, ya ce mu koma farko. Wata biyu muka yi muna wannan. A nan na koyi cewa masu ɗauka ba sa jera ƙafa kamar 'yan fareti, don gadon zai riƙa lilo. Dogaye ake sa wa a ɓangaren da ke gangare. Ana canjin hannu ba tare da an sauke ba. Duk lokacin da ruwa ya fantsalo Baba yakan ce:

"Garba, wannan ƙashin mutum ne ya soki namansa. Ku koma."

Akwatin aikinsa na ƙarfe ne, irin na 'yan makarantar kwana. A ciki akwai almakashi, auduga, filasta, aidin, sabulu, safar hannu ta roba, igiya, ƙullin gishiri da na sukari don mai zawo, da farasitamol. Amma Baba bai yarda mu dogara da akwatin ba. Ya ce rauni biyu masu kyau sun isa su cinye shi tas, na uku kuma sai ka dubi abin da ke gabanka. Rawani bandeji ne, ɗankwali ma haka. Karan dawa yana tallafe yatsa ko hannun yaro, gora tana tallafe cinya. Ƙofar langa-langa da aka ɓalle ta fi gadon buhu ga wanda ya faɗo daga bishiya yana kukan baya. Ni da na fito daga ɗinki, ƙulli bai taɓa ba ni wahala ba. Abin da ya ba ni wahala shi ne in danne rauni mai tsartuwar jini da tafin hannuna, in ƙi ɗagawa in leƙa, mai shi yana zagina, 'yan'uwansa suna jan rigata.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai masu awon ƙasa da za su yi makonni a daji, da ɗaliban da ake kai wa duba duwatsu, waɗannan tun kafin tafiya suke zuwa da biro su koya. Akwai mafarauta, da makiyaya, da masuntan bakin kogin Kaduna, da masu haƙar zinare. Waɗannan ba sa kira sai abin ya riga ya faru.

Wata rana da hantsi muna koyarwa a wani sansanin masu haƙa, rami ya rufta da mutum. Aka jawo shi da rai, cinyarsa ta dama ta karye, ƙafar ta juya tana kallon gefe. Abokansa har sun tayar da babur za su ɗora shi a tsakiya. Baba ya zare makullin ya sa a aljihu. Muka sa doguwar gora daga hammatarsa zuwa diddige, gajeriya ta cikin cinya, muka cusa riguna a inda itace zai gogi ƙashi, muka ɗaɗɗaure. Da muka kawo gadon buhu sai mutumin ya ƙi.

"Ni ban mutu ba. Ba mai ɗora ni a makara da raina."

Aka yi lallashi, ya kafe. Sai Baba ya cire hularsa ya miƙa mini, ya kwanta a kan gadon ya harɗe hannu, ya ce mu ɗauke shi mu zaga rami. Muka zaga da shi yana ba mu umarni daga kwance, mutane suna dariya. Da muka sauke shi ya tashi ya karkaɗe jiki, ya ce wa mai karayar, "To ka gani, ɗana, na je na dawo." Mutumin ya yarda. Mun yi tafiyar awa uku kafin mu ga titi. Yana nan har yau, yana ɗingishi, yana sayar da rake. A lokacin na ɗauka haka aikin yake ƙarewa kullum.

Koyar da sabon abu ba shi da wuya. Cire tsohon ne aiki. Mutum ya suma, a ɗura masa ruwa a baki har ya shaƙe. An ƙone, a shafa manja ko ɗanyen ƙwai. An yanke, a cusa ƙasa. Kowanne kuma daga uwarsa ya gada, kai baƙo ka zo da akwati ka ce uwarsa ba ta iya ba. Baba ya hore ni kada in taɓa zagin mai ɗori ko mai magani a garinsa. In fara zuwa gaishe shi, in zaunar da shi a gaba, in bar shi ya yi magana. Shekara bakwai na yi a bayansa. Da gwiwoyinsa suka gaza ya koma garinsu, ya bar mini akwatin da garuruwan.

A cikin garuruwan da na ƙara daga baya akwai wata tunga a hayin kogin Kaduna, can bayan Zungeru. Ba zan faɗi sunanta ba. Daga inda mota ke tsayawa sai ka shiga kwalekwale ka haye, sannan ka yi tafiyar awa biyu a ƙasa. Manoman doya ne, ƙasarsu duwatsu da ciyawa, kububuwa kamar shuka ta aka yi. Wanda bai san ta ba zai raina ta, don ba ta da tsawo, launinta kuma na ƙasa. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai yini yana magana lafiya, washegari jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci, ta fitsari, ta tsohon tabon da ya manta da shi.

A tungar nan na sami ɗalibar da ban taɓa samun irinta ba, har a cikin masu digiri. Talatu sunanta, ungozomar garin, matar wani manomi da ake kira Bawa. Ba ta karatu, Hausarta ma ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu. Amma sau ɗaya nake nuna mata abu. Hannunta ba ya rawa a kan jini. Idan na gama bayani a gindin ɗorawa ita take tashi ta maimaita wa mutane da yarensu, in ga suna gyaɗa kai a wuraren da ba su gyaɗa mini ba.

Darasin maciji shi ne ya fi kowanne jawo gardama. Al'adarsu, da an yi sari sai a ɗaure saman wurin tam da roba, a tsattsaga da reza, a tsotse, a kai wa wani tsoho mai suna Gimba ya shafa garin magani. Ni kuma na zo da akasin haka. Kada a ɗaure, don ɗaurin ruɓar da gaɓa yake yi, bai kuma hana dafi tafiya ba. Kada a tsaga, don jinin ba zai tsaya ba. A kwantar da mutum, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a tallafe gaɓar da sanda kamar mai karaya, a ɗauke shi, kada ya taka. A kai shi inda allurar dafi take.

Tsoho Gimba yana zaune a gaba kamar yadda aka koya mini in zaunar da shi. Ya bari na gama, sannan ya ce:

"Malam, na ji. Idan sun bar ni sun ɗauke shi har can, maganin yana nan?"

Na ce yana nan.

"Kullum?"

Na ce kullum. Ba da niyyar ƙarya na faɗa ba. Makon da ya wuce na gan shi da idona a firij ɗin ƙaramin asibitin da ke kan hanya, kwalabe a jere.

Daminar farko abin ya yi kyau. Kububuwa ta sari wata mata a hannu tana ɗibar itace. Talatu ta hana kowa taɓa reza, ta tallafe hannun, ta sa ƙarti huɗu da ta horar suka ɗauko ta. Aka yi mata allura, kwana biyar ta dawo gida da ƙafarta, hannun babu ko tsaga. Daga nan tungayen kusa suka fara aiko mutane. Kowace ta ajiye gorarta biyu da buhunanta a zauren mai gari. Bawa, mijin Talatu, yana cikin masu ɗauka, shi ne dogo, shi ake sa wa a gangare. Idan na je, gidansa nake sauka. Ba mai yawan magana ba ne, sai dai ya gasa doya ya tura mini gabana.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Kogi ya cika ya shanye fadama, macizai suka hauro tudu, cikin gonaki. Lokacin wayar hannu ta iso, amma a tungar sai ka hau wani dutse kafin ka sami sabis. Wata Laraba da hantsi ina shago wayata ta yi ƙara. Talatu ce, tana haki.

"Malam, Bawa ne. Kububuwa. A ƙafa, yana haƙan doya. Ban ɗaure ba, ban tsaga ba. Mun ɗauko shi."

Na ce ta yi daidai, su taho, zan tarye su a ƙaramin asibitin.

Na riga su isa. Na sami nas ɗin da ke wurin, mutumin kirki, mun saba. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya buɗe mini firij ɗin. Robar ruwan sha ce kawai a ciki. Ya ce tun farkon damina ya ƙare, ya rubuta, ya sake rubutawa. Na fita na kira Talatu in ce su wuce Minna kai tsaye, wayar ba ta shiga ba.

Bayan azahar suka iso. Kogin ya yi ƙarfi, mai kwalekwale sai da ya gangara da su nesa kafin ya iya tsallakewa. Na duba aikin Talatu. Gora biyu, daga cinya zuwa tafin ƙafa, ƙulli huɗu, babu wanda ya matse, ta sa tsumma a idon sawu. Ta cire masa takalmin roba tun kafin ƙafar ta kumbura. Ruwa kawai ta ba shi da farasitamol. Da Baba Yohanna ne ya duba, ba zai sami abin gyarawa ba. Bawa yana cikin hankalinsa, har ya gaishe ni ya tambayi iyali. Na ce masa ya buɗe baki. Dasashinsa ya fara ja.

Muka shiga Minna da la'asar. Likitan da ya karɓe mu matashi ne, ya san aikinsa. Ya ɗebi jinin Bawa a 'yar kwalba ya ajiye a tebur, ya ce mu jira minti ashirin. Jinin mai lafiya daskarewa yake yi. Da lokaci ya cika ya karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Ya ce allurar ake bukata yanzu, su ma tasu ta ƙare, ya rubuta mini sunanta in nema a gari. Na hau babur na bi kyamis-kyamis. A na shida na samu, ba mai sunan da ya rubuta ba, wata ce, da hoton maciji a kwalinta. Likitan ya juya kwalin ya karanta, ya ce a gwada, babu wata.

Aka yi masa. Da safe aka sake ɗibar jini, bai daskare ba. Aka ƙara. Bai daskare ba. Daga baya likitan ya ja ni gefe ya ce irin wannan don macizan wata ƙasa aka haɗa ta, kububuwarmu ba ta san da ita ba.

Rana ta biyu ƙafar ta kumbura har cinya, inda aka soka allura duk yana tsattsafa. Talatu ta same ni a baranda.

"Malam, mu mayar da shi gida wurin tsoho? Shi ya ce yana so."

Na ce a'a. Na ce an aika wani gari neman ta gaskiyar, tana hanya. Na ce idan aka sake jijjiga shi a mota da kwalekwale jinin zai ƙaru. Duk gaskiya ne. Ta dube ni, ta ce to, ta koma ta zauna a gefen gadonsa tana goge masa baki da tsumma.

Rana ta uku 'yan'uwansa suka ba da jini aka ƙara masa, yana shiga yana fita. Ya kira ni, na sunkuya. Ya ce doyar da ya haƙa ya bar ta a rana, a gaya wa ƙanen Talatu, Audu, ya kwashe ta kafin ta lalace. Na ce za a gaya masa. Da yamma ya fara kukan ciwon kai, sannan ya daina gane mutane. Rana ta huɗu da hantsi ya cika. Allurar da aka aika nema ta iso bayan kwana biyu.

A gadon gorar da suka kawo shi muka mayar da shi, daga bakin kogi zuwa tunga. Na karɓi gefe ɗaya. Babu dogo a cikinmu, gadon ya yi ta karkata a gangare. Da muka shiga gari tsoho Gimba yana zaune a ƙofar gidansa. Ya tashi tsaye har muka wuce.

Kafin daminar ta ƙare an sake ɗauko mutum biyu daga tungayen kusa, yadda na koyar, babu kuskure. Ɗaya ya mutu a mota tsakanin ƙaramin asibiti da Minna. Ɗayar ta kwana uku a gadon da ke kallon wanda Bawa ya kwanta, ita ma ta cika. Na rubuta takardu, na shiga ofis-ofis, na zauna a benci ina jiran mutanen da suka fita taro. Kowa ya tausaya, kowa ya ce laifin daga sama ne. Bayan kaka aka kawo allurar, kafin wata damina ta yi nisa ta sake ƙarewa.

Ku fahimce ni da kyau. Garin maganin tsoho Gimba ba ya kashe dafi. Macizai da yawa suna sari ba su zuba dafi sosai ba, mai shi zai tashi ko an shafa masa toka, tsoho ya sami suna. Wanda dafin ya shige shi sosai a hannun tsoho ma mutuwa yake yi. Amma a ɗakinsa yake mutuwa, 'ya'yansa a gefensa, ba a yi yini ana jijjiga shi ba, ba a sayar da akuya don mota ba. Wannan shi mutanen tunga suka auna, ni kuma ban da abin da zan ɗora a ɗaya gefen. Taimakon farko ake kiran sana'ar nan. Wanda ya raɗa mata suna ya ɗauka akwai na biyu yana jira a ƙarshen hanya.

Shekara ta zagayo na koma tungar ranar wata kasuwa. Tun daga ƙofar gidan Talatu na ji warin. Audu ne, ƙanenta, magidanci mai 'ya'ya uku, kwance a tabarma. Kwana biyar da suka wuce maciji ya sare shi a yatsa. An ɗaure masa hannu ƙasa da gwiwa da robar taya, an bar ta yini da kwana. An tsattsaga bayan hannun, an cusa gari. Yatsun sun yi baƙi, fatar tana saɓulewa. Na dubi ƙullin tsumman da aka rufe wurin da shi. Ƙullina ne, irin wanda ba ya zamewa, mutum ɗaya na koya wa shi a garin.

"Talatu, ke kika ɗaure?"

"Ni ne."

"Kin san abin da ɗaurin yake yi."

"Na sani, Malam. Kai ka koya mini."

Na ce hannun nan ya mutu, idan ba a cire shi ba zai tafi da mai shi. Ba ta yi gardama ba, don ta ga irinsa. Muka kai shi Minna, aka yanke hannun daga gwiwa. Ya rayu. Ranar da za a sallame su na ce mata da ba a ɗaure ba, wataƙila da yana da hannunsa, don ga alama dafin bai yi yawa ba. Tana naɗe tabarma, ba ta ɗago ba.

"Wataƙila. Wannan na ɗaure, ga shi zai koma gida, hannu ɗaya. Wancan ban ɗaure ba. Yana ina?"

Na san amsar da littafi zai ba ta. Na sunkuya na taya ta haɗa kayan.

Na je garin Baba Yohanna na ba shi labarin duka. Yana zaune a kujera, ƙafafunsa a kan buhu. Na tambaye shi me zan riƙa koyarwa yanzu. Ya ce abin da na saba, don shi ne daidai. Na ce idan suka tambaye ni ko maganin yana nan fa? Ya murza gwiwarsa, ya ce in ce ban sani ba. Tun daga ranar haka nake cewa. Ku ma haka za ku ce. Kada ku ɗaure, kada ku tsaga, ku tallafe, ku ɗauka, amma kada bakinku ya yi wa kowa alkawarin abin da ke cikin firij ɗin wani. Sai dai ku sani, mutumin da ka ce wa ya ɗauki ɗan'uwansa tafiyar yini zuwa wurin da kai kanka ba ka da tabbas, ba lalle ya ɗauka ba.

Zuwana na ƙarshe tungar, lokacin an fara aikin madatsar ruwa a Zungeru, manyan motoci suna ta kai da kawowa. Na aika tun mako guda cewa ina tafe, za a yi bita. Na isa da hantsi, na share gindin ɗorawa, na jawo benci biyu daga makarantar garin, na baje ƙyallaye a kan tabarma. Gorar da ke zauren mai gari na hango ta an kafa ta a rumfar awaki. Mutane suna wucewa gona, suna gaishe ni da mutunci, suna tambayar hanya da iyali, suna wucewa. Audu ya wuce da fartanya a kafaɗa, hannun rigarsa ɗaya a ƙulle, ya ɗaga mini mai lafiyar.

Wajen azahar Talatu ta zo ita kaɗai. Ta zauna a ƙarshen benci. Ba mu yi darasi ba. Ta ba ni labarin haihuwar da ta karɓa a makon, tagwaye, duk suna lafiya. Ta tambayi jikin Baba Yohanna, wanda ba ta taɓa gani ba. Da la'asar ta yi ta taya ni ninke ƙyallayen, kowanne kusurwa a kan kusurwa. Ta ɗauko doya uku ta ɗaure da igiya ta aza a kafaɗa, ta raka ni tafiyar awa biyun nan har bakin kogi. Da na shiga kwalekwale ta miƙo mini doyar, ta riƙe bakin jirgin da hannu ɗaya don kada ruwa ya ja shi.

"Malam, kai mutumin kirki ne, babu mai jin haushinka a garin nan," ta ce. "Amma kada ka sake wahalar da kanka. Hanyar yana da nisa."

Ta saki jirgin. Ban sake komawa ba.